Motar da Ta Tsufa a Gabanka da Wadda Ta Zo da Tsufanta

Wanda ya yi wayo a Kaduna ko Zariya ko Kano tsakanin shekarun 1970 da na 1980 zai tuna cewa ba sai an leƙa waje ake sanin motar wa ta shigo layi ba. Kowace da muryarta. Volkswagen ƙirar kunkuru tana tafe tana ƙara daga baya, inda injinta yake. Peugeot 404 akori-kura ta 'yan kasuwar ƙauye tana gurnani da lodin buhuna da mutane a kansu. Ita kuwa 504, motar ma'aikacin da ya kai matakin a ba shi bashin mota, sautinta mai taushi ne, har matar gida takan sa a shimfiɗa tabarma tun motar tana kwanar masallaci. Ranar da sautin ya canza, unguwa ke riga mai motar sani. Yara su ce salansar Baba ta fashe, maƙwabci ya yi masa jaje a sahun Magariba, kuma kafin Juma'a ta zagayo an kai ta wurin mai walda.

Yau motoci goma za su wuce ƙofar gidanka ba ka ji ɗuriyar ko ɗaya ba, kuma ba lafiya ce ta sa su shiru ba.

Ya kamata samarin yanzu su ji cewa an yi zamanin da ake haifar mota a ƙasar nan. A 1975 kamfanin Peugeot da ke Kakuri a Kaduna ya fara harhaɗa motoci, kuma an yi shekaru ana ɗauko sassansu a jirgin sama daga birnin Lyon na Faransa ana saukewa a filin jirgin Kano, sannan a wuce da su Kaduna. Volkswagen na Ikko, Steyr na Bauchi yana yin manyan motoci da taraktoci, Fiat na Kano, Marsandi na Inugu. A daidai lokacin ne kuɗin ƙarin albashi na Udoji suka faɗo aljihun ma'aikata, sai ga malamin sakandare da akawun ma'aikata suna shiga shagon dillali su fito da mota sabuwa dal, ledarta a kan kujera, mitarta ba ta kai kilomita ɗari ba, da ɗan littafinta a aljihun gaba wanda ake buga wa hatimi duk lokacin da aka yi mata juye. Wasu ba su cire ledar nan ba har ta yayyage don kanta. Mai irin wannan mota ya san ranar da aka fara tayar da ita, ya san ramin da ta faɗa a hanyar Funtuwa, ya san daminar da ruwa ya sha kanta a Kurna, ya san wane makanike ya taɓa buɗe mata inji da abin da ya tarar. Idan ya tashi sayarwa, mai saye ɗan ofishinsu ne ko surukin ƙaninsa, wanda shi ma ya sha shiga motar. Babu abin ɓoyewa, don babu inda za a ɓoye.

Ƙasarmu kuma ta yi wa ƙarfe adalci. Arewa busasshiya ce. Wata bakwai ko takwas ba ruwa, iskar hunturu ba ta barin laima ta kwana a jikin komai. Shi ya sa har gobe za ka ga gangar jikin 504 a bayan wani gida a Gusau ko Azare, tayoyi sun nutse a ƙasa, kaji na kwana a ciki, amma ƙarfen yana nan garau. Motar da aka fi yi wa kallon tsoro a lokacin ita ce wadda ta zauna a Ikko ko Fatakwal, don iskar teku da ruwan sama sun ci gindin ƙofofinta.

Duk da haka salansa takan ruɓe, kuma tsofaffin makanikai sun san cewa daga ciki take ruɓewa. Idan fetur ya ƙone ba hayaƙi kaɗai yake bayarwa ba, har da ruwa, kusan lita guda na ruwa daga kowace lita ta mai, a matsayin tururi. Wanda ya taɓa tsayawa bayan mota da sanyin safiya ya ga ɗigon yana fitowa daga bakin bututu. Idan mota ta yi tafiya mai nisa, salansa takan yi zafi tun daga wuya har wutsiya, ruwan ya ƙone ya fita. Idan kuwa daga gida ne zuwa ofis, daga ofis zuwa masallaci, a kashe, to tururin yakan koma ruwa ya kwanta a cikin tukunyar baya, wadda ita ce ƙarshen ɗaukar zafi, ya haɗu da farar wutar da ke cikin man ya zama ruwa mai cin ƙarfe, ya zauna yana aikinsa dare da rana. Wannan ne ya sa direban tasha da ke Kano zuwa Kaduna kullum yake daɗewa da salansarsa fiye da babban sakataren da motarsa ba ta wuce unguwar Nasarawa. Wasu masu dabara sukan huda ɗan ƙaramin rami a ƙasan tukunyar don ruwan ya riƙa ɗiga, kuma kamfanoni da dama su ma suna barin irin wannan ƙofa tun daga masana'anta.

Gyaran salansa a wancan zamani aikin yini ɗaya ne, sau da yawa ma na hantsi ɗaya. Za ka tarar da mai walda a ƙarƙashin bishiyar dalbejiya da tulun kabaid ɗinsa mai warin da ba a mantawa, da baƙin tabarau mai ido ɗaya a fashe, da yaransa biyu, ɗaya na riƙe da waya ɗaya na kawo ruwa. A ɗaga motar gefe guda a tokare ta da tsohon rim, ya kwanta a kan kwali ya shige, ya ƙwanƙwasa bututun da sifana yana saurare, inda ya ji sautin ya mutu nan ne ƙarfe ya zama ɓawo, ya yanke wurin ya liƙa wani, ko ya buɗe tukunyar ya yi mata sabuwar riga da gwangwanin da ya yanko daga jikin mushen wata motar, kai kuma kana zaune a benci kana shan rake kuna hirar Raccah Rovers. Salansar 504 ƙarfe ce zalla, bututu da tukwane. Babu waya a jikinta, babu abin da take gaya wa inji.

Ba na cikin masu cewa komai na da ya fi. Motocin nan sun yi hayaƙi, fetur ɗin da suke sha akwai dalma a ciki, kuma mun shaƙe ta mu da 'ya'yanmu har farkon shekarun 2000 da aka daina zuba ta. Kafireta takan toshe a tsakiyar daji, filogi ya jiƙe, lagireto ya tafasa a hawan Jos, kuma ba a tafiya mai nisa sai da jarkar ruwa da fanbel na ajiya. Corolla ta yau, ko da ta zo a gajiye, takan yi tafiyar da 504 ba ta yi ba tare da an buɗe mata inji ba. Abin da ya bambanta su shi ne ciwon motar da a fili yake. Tana kuka tun ciwon yana ƙarami, kuma kukan ya isa ya sa a kai ta asibiti a kan lokaci. A kan wannan muka gina ɗabi'armu ta riƙon mota: kada ka taɓa abin da bai yi ƙara ba.

Giya ma haka take. Giyar hannu haƙoran ƙarfe ne ke cizon juna, man da ke cikinta kuma aikinsa ɗaya, ya hana su cinye kansu. Makanike yakan kwance noti a gefen akwatin ya zura ɗan yatsa. In ya taɓo mai, shi ke nan, in bai taɓo ba a ƙara har ya fara tsiyayowa. Sauran aikin na ƙafar direba ne da kunnensa. Idan kuloci ya fara ƙarewa za ka ji injin na ihu mota ba ta ja, ka ji warinsa, a sauke giya a canza faranti a mayar kafin La'asar. Batir ya mutu, yaran unguwa su tura, ka sa giya ta biyu ka saki kuloci, ta yi tari ta tashi. Kowane yaron mota ya san wannan kafin ya san karatun lamba.

Daga 1986 labari ya sake. Gwamnatin Babangida ta kawo tsarin tattalin arziki na SAP, darajar naira ta zube, sabuwar mota ta fi ƙarfin albashi, masana'antun harhaɗawa suka riƙa durƙushewa ɗaya bayan ɗaya. Ita 504 ta yi ta jan ƙafa a Kaduna har cikin shekarun 2000 kafin a sallame ta. Gurbin da suka bari motocin gwanjo suka cike. Daga Jamus da Holand da Faransa ake tattaro su a unguwar Heyvaert da ke Brussels, a loda su a jirgin ruwa a Antwerp, a sauke a Kwatano. A takarda da yawansu Nijar suka nufa, ta Parakou da Malanville da Gaya. A zahiri kasuwannin Nijeriya ne ke jiransu, kuma akwai samarin da suka yi arziki, wasu suka rasa rayukansu, a tuƙin ayarin motocin nan cikin dare. Daga baya na Amurka da Kanada suka biyo, Camry da Accord da Sienna, har da waɗanda kamfanonin inshora suka yi gwanjonsu bayan haɗari ko ambaliya. A farkon 2017 gwamnati ta hana shigo da mota ta iyakokin ƙasa, amma sunan 'yar Kwatano bai bar bakin mutane ba. Wani rahoto da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya ce tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14, kuma kashi 40 cikin ɗari Afirka suka zo.

Ba aibi ba ne sayen gwanjo. Shi ne abin da aljihu ya iya, kuma wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Sai dai motar da ka saya yau ta yi shekara goma ko goma sha biyar tana wata rayuwa da ba ka gani ba, a ƙasar da ba ka taɓa zuwa ba, a hannun mutumin da ba za ka taɓa tambaya ba.

A ƙasashen sanyi, idan dusar ƙanƙara ta rufe hanya, motocin hukuma ne ke bi suna watsa gishiri don ta narke. Haka ake yi a Ontario da Quebec, a Michigan da Ohio da New York, a Jamus da maƙwabtanta, wata uku ko huɗu ko fiye a kowace shekara. Ruwan gishirin nan tayoyi ke fesa shi a cikin motar ta ƙasa, ya shiga kowane lungu, ya kwanta a kan ƙarfen da ke zafi yana hucewa. Salansar zamani an fi yin ta da ƙarfen da ba ya saurin tsatsa, don haka bututun kansa yakan jure. Inda gishiri ke samun sa'a shi ne mahaɗai, wato leɓunan da ake ɗaurewa da noti, da notikan kansu da ke narkewa har sifana ta rasa inda za ta kama, da maratayan da ke riƙe da bututun, da ɗan sashen nan mai saƙar waya da ke lanƙwasa kusa da inji, da farantan da ke kare jikin mota daga zafi. Bai tsaya a salansa ba. Yana cin bututun man birki, yana cin ƙarfen da inji ke zaune a kai, yana cin siraran bututun da ke kai man giya wurin sanyaya. A Jamus duk shekara biyu ake duba mota, kuma mai ita yakan lissafa kuɗin gyaran da zai sa ta ci jarrabawa ya ga gara ya sallamar. Sai ta hau jirgi.

Ta iso nan an wanke ta, an goge fitilu, an fesa wa injin mai yana ƙyalli, wani lokaci an bi ƙasanta da baƙin fenti mai kauri. Mai saye ya zagaya ta sau biyu, ya kunna rediyo, ya gwada esi, ya danna gilashi ya sauka ya hau. Dillali ya ce, "Alhaji, wannan wata tsohuwa ce ta hau ta a can, coci kawai take zuwa da ita." In ma gaskiya ya faɗa, ai ya ba da labarin motar da salansarta ba ta taɓa yin zafin da zai ƙone ruwan cikinta ba.

Kaɗan ne ke cewa a hau da ita kan rami. Alhali dubawar ba ta fi ta mai waldan da ba: tocila, sifana, da kunne. A duba ta da safe injin na sanyi, don ƙaramar kafa takan yi ƙara a lokacin ta rufe bakinta in ƙarfe ya buɗe da zafi. A nemi baƙin tabon hayaƙi a mahaɗai. A sa yaro ya toshe bakin bututu da tsumma na ɗan lokaci a saurari inda iska ke tsiyaya. Jan tsatsa na sama-sama ba komai ba ne, kowace mota na da shi. Wanda ke ɓarewa falle-falle in an ƙwanƙwasa shi ne abin gudu. Sabon fenti a ƙasan tsohuwar mota kuwa ya isa a tambayi dalili. Motar Amurka ma lambobinta 17 da ke gindin gilashin gaba sukan nuna jihar da ta zauna da ko an taɓa yin gwanjonta, ga duk wanda ya damu ya bincika a intanet.

Salansar yanzu ba bututu ba ce kawai. A jikinta akwai tukunyar tace hayaƙi da makanikai ke kira indomi, wadda Amurka ta fara sa wa motocinta tun 1975, Turai kuma ta wajabta a farkon shekarun 1990. Akwai kuma sensa a gabanta da bayanta da ke shinshinar hayaƙin suna gaya wa kwamfutar mota yawan man da za ta ba inji. Kafa ɗaya a gaban sensar farko ta isa ta jawo iskar waje, kwamfuta ta ɗauka mai ya yi kaɗan, ta ƙara. Mai mota ya yi ta zagin gidan mai. Lokacin da lita take ƙasa da naira 200 ana iya kawar da kai. Tun da aka cire tallafi a ƙarshen Mayun 2023 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki ta ci gaba da hawa, kafar da ba ta kai ƙwayar gero ba ta zama mai cin albashi. Ita kuma indomin, saboda 'yan ƙarafa masu tsada da ke cikinta irin su filatinom, ta zama abin farauta: wata tun a Turai aka yanke ta, wata a hanya, wata a garejin da ka bar motarka ta kwana, wata kuma da yardarka, bayan an ce maka ita ke hana motar numfashi. Fitilar gargaɗi ta kama a gaban direba, sai a cire ƙwan ko a liƙe wurin da baƙin salatif.

Akwai abin da ya fi asarar mai. A 504 gilashi a sauke ake tafiya, hayaƙin da ya shigo ya fita. Yanzu a rufe muke ruf, esi na aiki, yara na barci a baya, mota na tsaye a cunkoso ko a ƙofar asibiti injin na kunne. Iskar kabon monoksaid ba ta da launi ba ta da wari. Ciwon kai take fara kawowa, da jiri, da barci. Mun san ta a hayaƙin janareta, mun yi jana'izar gidaje sukutum saboda ita. Salansar da ta huje a ƙarƙashin kujera irin wannan iskar take fitarwa.

Sai giya. Yawancin motocin da ke zuwa yanzu, musamman na Amurka, atomatik ne, kuma mun karɓe su da murna, don wanda ya taɓa taka kuloci daga Kofar Nasarawa zuwa Bata da azumi a bakinsa ba zai yi kewarsa ba. Abin da ba mu karɓa tare da su ba shi ne sanin cewa man da ke cikinsu ba irin wancan ba ne. A atomatik, mai shi ne ƙafar direba. Shi ke ɗaukar ƙarfin inji ya miƙa wa giya ta cikin wani rufaffen kaskon ƙarfe mai fankoki a ciki. Shi ake matsawa ta siraran hanyoyi ya danne fayafayan kuloci masu yawa da ke canza giya. Shi ke kwashe zafi. Kuma dole santsinsa ya zama daidai gwargwado, kada ya hana fayafayan kamawa, kada kuma su kama da fizga. Shi ya sa kowane kamfani da nasa. General Motors na da Dexron tun 1967, Ford na da Mercon, Toyota na da T-IV ga tsofaffi da WS ga na baya, Honda ta yi Z1 sannan ta maye shi da DW-1, giyar CVT kuma, mai aiki da bel maimakon haƙora, irin ta Nissan da sababbin Corolla, nata daban ne ɗungurungum, in aka zuba mata na gama-gari an gama da ita. Yawancinsu rini ja ake sa musu don a bambanta su da baƙin mai in suna ɗiga. Mu kuma muka riƙe launin muka saki sauran.

Babban abokin gabar man nan zafi ne, mu kuwa zafi ne abin da muka fi kowa. Motar da aka ƙera da lissafin hanyar Kanada ta zo tana tsaye a cunkoson Afrilu, esi a kunne, mutum bakwai a ciki da buhun masara a but. Man giyar ta cikin lagireto yake bi ya huce a yawancin motoci, don haka duk abin da ya sami lagireto ya sami giya. Mu kuma mun saba cire tamostat da sunan wai na ƙasar sanyi ne, mu cika lagireto da ruwan rijiya ko na leda maimakon ruwan sanyaya mai hana tsatsa. Ranar da bututun cikin ya huje, ruwa da mai su gauraya, gejin auna man ya fito da abu mai kauri fari-fari, ruwan kuma ya saki gam ɗin da ke riƙe da fatar fayafayan. Daga nan sai janwe, shi ma in ba a ɗaga tayoyin da ke ja ba ya ƙarasa abin da ya rage, don famfon mai ba ya juyawa in inji na kashe. Turi kuwa ba ya tayar da ita ko unguwa duka ta fito.

Je ka gareji ka ce a canza maka man giya, akwai yiwuwar ka ji an ce, "Ranka ya daɗe, kada ka taɓa man nan. Yadda Bature ya zuba shi, bar shi haka. Wane ya canza, sati bai yi ba giyarsa ta tafi." Ba ƙarya makaniken ya yi ba game da Wane. Abin da bai faɗa ba shi ne Wane bai zo ba sai da giyar ta fara fizga, man ya yi baƙi yana warin ƙuna, fatar fayafayan ta riga ta narke a cikinsa. Wannan dattin ne ke ba su ɗan abin kamawa, da aka zubar da shi sai gaskiya ta fito. Giyar ta mutu tun kafin a kwance notin. Su ma kamfanonin sun taimaka wa ruɗanin, da suka riƙa rubuta cewa man na tsawon ran mota ne, suka kuma cire gejin daga motoci da yawa. Ran mota a lissafinsu bai haɗa da rayuwa ta biyu a Sakkwato ba. Littattafan nasu ma, in an karanta har ƙasa, sukan ware wani jadawali na dabam ga motar da ke aiki cikin zafi da ƙura da cunkoso da kaya, wato kowace mota a nan. Masu gyaran da suka san aikin sukan ce kada a wuce kilomita 40,000 zuwa 60,000 a irin yanayinmu, kuma a tuna mitar motar Amurka mil take ƙirgawa, kowane mil kilomita 1.6 ne, in ma ba a mayar da ita baya ba.

Wanda ya sayi 'yar Kwatano bai san ranar da aka zuba man da ke cikinta ba, don haka makon farko ne lokacin dubawa, tun tana lafiya. In tana da geji, a ɗan zagaya da ita ta yi zafi, a tsaya a wuri mai daidai, a bi da giyar ta kowane matsayi a dawo da ita wurin fakin. Toyota injin na kunne ake auna ta, Honda kuwa sai an kashe a auna nan take. A ɗiga man a farar takarda. Ja ko ja mai duhu, ba wari, alhamdu lillahi. Ruwan ƙasa, lokaci ya yi. Baƙi mai warin ƙuna da ɓurɓushin ƙarfe, a fara tanadin kuɗi. Juye ɗaya ba ya fitar da fiye da sulusi ko rabin man, sauran na cikin rufaffen kaskon nan mai fankoki, shi ya sa masu haƙuri ke juyewa su cika, su yi 'yan kwanaki suna hawa, su sake, maimakon a sa inji ya tura shi da ƙarfi ya tayar da dattin da ya kwanta. In ana buɗe kaskon ƙasa, a canza matata a goge maganaɗisun da ke kama garin ƙarfe. Kuɗin duka bai kai na taya biyu ba.

Makaniken da ya koyi aiki a kan 504 ya san motarsa ciki da waje, don iri uku ko huɗu ne a gari, shekara ashirin ba su canza ba, kuma ubangidansa ya sa shi ya wargaza giya ya mayar har sai ya iya da ido rufe. Ba laifin na yanzu ba ne da aka jibge masa ƙira ɗari daga ƙasashe goma, ba littafi, ba horo, mai mota kuma na tsaye a kansa yana neman araha. Akwai samari a Kano da Kaduna da Abuja da suka sayi na'urar karanta kwamfutar mota, suna neman bayanin kowace ƙira a wayarsu, suna tambayar lambar mai kafin su buɗe galan. Ina girmama su, kuma ina ganin yadda masu mota ke guje musu don sun ce kuɗinsu ya yi yawa. A sauran garejin, giyar atomatik ba a gyara ta. Sauke ta ake yi a jefar gefe, a tafi Kofar Ruwa ko Panteka a ɗauko wata da aka ciro daga motar da ta mutu a wata ƙasa, a ba ka garantin sati biyu. Ranar da aka ɗaura ta, ƙaramin yaron gareji ake miƙa wa kuɗi a ce ya ruga bakin titi ya sayo man giya galan ɗaya, ja.